Ƙashin da Ke Ƙasan Haɓar Baba

Litinin, 3 ga Maris
Alhamdu lillahi, Baba ya farfaɗo. Shanyewar ɓarin jikin ta bar masa hankalinsa da bakinsa, har ya yi mini faɗa a kan baƙin man gareji da ke farcena. Saura haɗiya. Ko yawu ƙware shi yake yi, abinci sai ta bututun hanci. Likita ya ce in haɗiyar ba ta dawo ba, za a huda masa ciki a sa bututu na dindindin. Baba ya ce shi ba tankin mota ba ne.

Laraba, 5 ga Maris
Mai koyar da haɗiya ta zo. Ashe har haɗiya tana da malama! Ta kama yatsana ta ɗora a wuyana, ƙasan haɓa, saman maƙogwaro. "Ka ji abu mai tauri? To haɗiye." Na ji ya yi sama, ya ɗan yi gaba, ya dawo. Ta ce ɗan ƙashi ne lanƙwasasshe, bai haɗu da kowane ƙashi ba, tsokoki ne ke riƙe da shi, gindin harshe a kansa yake. In ya tashi sai ya jawo maƙogwaro sama, marfin hanyar iska ya rufe, abinci ya bi hanyarsa. Na Baba ne ya yi kasala. Duk iya kwance injina, ban san da abin nan a wuyana ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Ni aka ɗora wa aikin, Yaya tana fama da goyo. Yatsu a wuyan Baba, cokali guda na markaɗaɗɗiyar ayaba, in jira ƙashin ya tashi kafin in ƙara. Rabon da in taɓa mutumin nan, ban da musabaha, tun ina yaro. Na ɗora masa yatsun. "Shaƙe ni za ka yi ko me?" in ji shi. Wuyan duk ya saki, ya ba ni tausayi. Ƙashin ya ɗan motsa, sai tari.

Lahadi, 9 ga Maris
Tari, tari. Ni ma na kasa cin komai.

Alhamis, 13 ga Maris
Na shigo na tarar Kawu ya kai wa Baba kofi baki. Ban san lokacin da na fizge ba. "Kai, ruwa ne fa kawai!" in ji Kawu. Ai ruwan ne masifar. Malama ta ce ya fi komai gudu, yakan riga ƙashin, ya faɗa huhu. Kawu ya hau ni da faɗa, wai ba ni da kunya. Baba ya ce, "Ƙyale shi, aikinsa ne." Na fita baranda na daɗe.

Litinin, 17 ga Maris
Ƙashin ya tashi! Sarai na ji shi ya ture mini yatsa. Ba tari. Na ce, "Baba, sake." Ya sake. Na yi ta washe baki kamar wawa, shi kuma ya ce ayabar ba daɗi.

Juma'a, 21 ga Maris
An ɗauki hoton wuyan yana haɗiya. Malama ta nuna mini ɗan ƙashin yana hawa yana sauka. An zare bututun hancin. Ba za a huda ba. Yaya ta yi kuka a waya, na ce mata ta cika ragwanta, na kashe kafin ta ji nawa kukan.

Talata, 25 ga Maris
Gida. Malama ta ce in daina sa hannu, yanzu zai iya da kansa. Madalla, aiki ya taru a gareji.

Da safen nan na kai masa shayi mai kauri. Kafin in zauna ya riga ya ɗaga haɓa. Na ce dubawa kawai zan yi. Ya ce ya sani. Har ya shanye shayin, hannuna na wuyansa.

Gobe ma sai ya karya zan fita.