Kun ba ɗana magani kafin gwajin ƙwayoyin ya fito

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Dashe na mustashfa, wato asibitin da ke kula da ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni uwa ce mazauniyar Rusaifa a nan Makka, kuma ina rubuta wannan ne raina a ɓace. Ɗana na fari yana kwance a wurinku, numfashi ma sai da taimakon na'ura.

Tun yana yaro yake fama da ciwon suga. Sugan kan faɗi ba sallama, sai dai a tsince shi a ƙasa a dukkansa, wato shagonsa na unguwar Kudai. Likitocinku suka ce za a ciro ƙwayoyin da ke yin insulin daga wata gaɓar ciki, bankiriyas, ta wani mamaci a dasa masa, amma sai an gwada yawansu da lafiyarsu tukuna.

Na ɗaya. Ranar da kuka kira shi, a watan Zulƙida, kun ɗura masa maganin da ke karya garkuwar jiki tun gwajin bai fito ba. Da la'asar sakamako ya zo, ƙwayoyin ba su kai ba, aka fasa. Ban ga laifinku a fasawar ba, gara haka da a zuba masa matattu. Amma wa ke ɗora tukunya bai ga cefane ba?

Na biyu. Kun rubuta cewa ba shi da ɗan rakiya. Ina nan wallahi! A bakin ƙofa na wuni. Mu Hausawa uwa ba ta zama a kan ɗan fari, ba ta ma kiran sunansa. Wannan kunya ta hana ni shiga, na ɗauki laifina. To amma ba wanda ya leƙo ya tambayi tsohuwar da ta wuni a kujera ko wa take jira.

Na uku. An sallame shi da takarda yana cikin jiri, ba wanda ya zaunar da mu ya ce ya guji cunkoso. Kwana biyu ya koma dukkan, alhazai ko'ina suna tari a kansa. Ga inda muke yau.

Ina roƙonku kada ku ƙara ba kowa wannan magani sai sakamako yana hannunku. Ku yi mana bayani baki da baki, ni da Hausa na fi ganewa. Kuma kada ku cire shi daga layin masu jiran dashe.

Allah Ya yi muku jagora, Ya jiƙan wanda ya bar mana ƙwayoyinsa.

Shekara talatin da ɗaya bakina bai furta sunansa ba. Haruna ne. Idan kun shiga ɗakinsa gobe, za ku same ni a gefen gadon.

Wassalam,
Mahaifiyar Haruna, Rusaifa, Makka.