Matan Layinmu a Kan Rufi

Sakkwato, ranar Talata.

Zuwa ga maigidana, Baban Khaula,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aikin hanya, ya zaman daji, ya ƙafar nan taka mai ciwo? Mu nan lafiya lau. Khaula da Hasana suna gaishe ka, suna tambayar yaushe Baba zai dawo.

Na zaɓi in rubuto in ba Attahiru direbanku, don wayar nan taka tun da ta faɗi sai da lasifika take magana. Rannan da na ce na yi kewarka, har dariyar abokan aikinka na ji. Maganar yau kuwa ta shafi maƙwabci, ba ta kunnen jama'a ba ce.

Gidan Sharifuddeen tela ya ƙone. Kada gabanka ya faɗi, ba a rasa rai ba. Manoman fadama ne suka sa wa karan shinkafa wuta kamar yadda suka saba bayan girbi. Wutar ko titi ba ta iso ba. Iska ce ta ɗauko tartsatsi ta sauke shi kan rufinsa. Ka san irin ginin layinmu, katanga ta tashi ta ɓoye kwano, magudanar ruwa ta zagaye ta ciki. Tasa cike take da busasshen ganyen dogonyaro da leda da sheƙar tsuntsaye. Nan wutar ta kwanta tana ci a hankali har ta kai ga katako. Yana shago yana ɗinki aka je aka kira shi.

Na shiga yi musu jaje. Ka san matarka dillaliya, ba ta shiga gida ta fito ba ta ƙare masa kallo ba. Ina fitowa na ɗaga kai na dubi namu rufin. Rabon da a hau shi tun shekarar da mai gyaran eriya ya tsaya yana leƙen tsakar gidan maƙwabcinmu Malam Sodangi, Malam ya kai ƙara wurin mai unguwa, kai kuma ka yi alkawari a gaban dattawa ba za ka ƙara ɗora kowa ba. Tun lokacin dogonyaron ƙofar gida ke zuba mana ganye. Ga kuma harawar ragunan Malam jibge kan nasa rufin, katangarmu ɗaya da shi.

Na tare shi a ƙofar zaurensa, na durƙusa na gaishe shi, na kawo zancen ta gefe. Ya ce Allah ke tsarewa, kuma iyalinsa ba abin kallo ba ne. Na ce haka ne, Baba, na tashi. Ban taɓa sayar wa mutum kaya ta hanyar musu ba.

To amma fadamar da ke daidai bayan gidanmu ba a ƙone ta ba tukuna, kuma za a ƙone. Gidan nan da guminka ka gina shi, da sarƙata aka sayi ƙofofinsa. Abin da nake roƙo ka ba ni izini in hau da kaina. Abin da Malam ke gudu idon namiji ne. Ni kuwa babu ɗakin gidansa da ban shiga da kayan talla ba.

Ka ba Attahiru amsa kafin ya juyo. Ka riƙa shafa man nan a ƙafar.

Matarka,
Wasila.

Sakkwato, ranar Lahadi.

Baban Khaula,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Mu muna nan cikin alheri, sai dai Hasana ta faɗi tana gudu ta goge gwiwa, ta warke.

Takardarka ta iso. Ka ce ka yarda in hau idan mutanen gidan Malam sun yarda. Na san ka, ka faɗi haka ne don kana ganin ba za su yarda ba, ka huta da ni. Allah ya ba ka haƙuri, sun yarda.

Wurin Inna Zulaihatu na je, matar Malam. Na kai mata turaren wuta ta shinshina, muka taɓa hira, sannan na ce ina son in share rufina, ko za ta ji nauyi in ta ga kaina ta saman katanga. Ta yi dariya ta ce kaina da take gani kullum a bakin ƙofarta, a sama ne zai zama baƙo?

Na ari tsani wurin Ladi mai ƙosai. Na sa wandonka na aiki a ƙarƙashin zane, na ɗaure hijabi a ƙugu. Ba zan ɓoye maka ba, a tsakiyar tsanin sai da na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Abin da na tarar kuwa, Baban Khaula, da ka gani da ba ka ƙara barci a gidan nan ba. Ganye ya cika magudana har ya taɓo bakin kwano, ya bushe ƙamas, kana taɓawa yana karyewa. Indararo duk a toshe. Na ciro leda, na ciro sheƙar kurciya, na ciro takalmin Khaula da muka yi ta nema bara. Buhu nake cikawa ina zuro wa yara da igiya.

Namu ya yi fes. Amma ina amfani, ga harawar Malam tana taɓa katangarmu?

Inna tana tsakar gidanta tana tankaɗe, muna hira ni a sama ita a ƙasa. Ka san 'yar ƙauyen Dundaye ce, a fadama ta tashi, kuma tun da ciwon baya ya kama Malam ya daina kai ta ganin gida. Sai na ce mata ashe daga nan ana hango har gulbi. Ta ajiye rariya. Na ce ga wasu giginyu can a jere, ga mutane ƙanana suna ɗaurin shinkafa. Ta tambaye ni ko akwai wata giginya mai karkatacciyar wuya, wadda ke bakin gonar mahaifinta. Na ce idona bai kai ba, na ci gaba da shara. Idona ya kai sarai. Amma atamfa in kana son a saya, gefenta kake buɗewa, ba ka warware ta duka.

Washegari da hantsi ta aiko a kai mata tsani.

Ni da Ladi muka taimaka mata, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Da ta kai sama ta daɗe tsaye tana kallon fadama, tana share ido da gefen mayafi. Na bar ta. Can sai ta juyo ta ga baƙin kangon gidan Sharifuddeen, ta dubi harawar da take tsaye a kai, ta dubi inda iska ke kaɗa hayaƙi. Ba sai na yi mata bayani ba, ta fi ni sanin wutar kara. Ta ce da ganin yadda suka tara shi, ɓangarenmu za su sa wa wuta nan gaba kaɗan.

Malam ya dawo daga masallaci ya tarar damman harawa suna sauka tsakar gida, matarsa a sama tana ba da umarni. Ya ɗaga kai ya dube ta. Ta ce masa ɗakin baya babu kowa ciki, can harawa za ta koma. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya shige ɗaki. A gidansu wannan yarda ce.

Yanzu tsanin Ladi yawo yake gida gida. Matar Sharifuddeen da kanta ke bin mata tana cewa su hau. Abu ɗaya ya rage, rufin zauren Malam da rumfar ragunansa. Suna kallon titi, ya ce mace ba za ta hau nan maza na wucewa ba, namiji kuma ba zai hau ba. Ganye na nan a jibge. Na sa an cika randuna da bokitai, na zuba wa sarautar Allah ido.

Ka yi mana addu'a. Wandonka ya yage a gwiwa, zan ɗinke.

Taka,
Wasila.

Sakkwato, ranar Alhamis.

Maigidana Baban Khaula,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Kafin komai, gidanka na nan tsaye, 'ya'yanka lafiya, matarka lafiya. Na fara da haka ne don na san Attahiru zai riga takardata ba ka labari, kuma shi in ya ga hayaƙi sai ya ce gari ya ƙone.

Jiya bayan azahar suka sa wutar. Da farko iska gabas take kai ta, sai ta juyo. Na ji ƙaurin tun ina cikin ɗaki. Na tura yara gidan Ladi, na hau. Ina ɗaga kai na ga mata a kan rufi tun daga farkon layi har ƙarshensa, kowa da tsintsiya da bokiti. Inna Zulaihatu na nan a nata, ta ci ɗamara kamar mai shirin daka.

Tartsatsin ya zo kamar ana watso shi da hannu. Wani ƙarami, wani guntun kara ne sukutum yana ci. Na ga wani ya faɗa cikin magudanarmu, daidai inda na kwashe sheƙar kurciya. Ya yi ja, ya nemi abin ci bai samu ba, ya mutu a kan siminti ina kallo. Wallahi sai da na ji hawaye. Wanda ya yi taurin kai mu bi shi da jiƙaƙƙiyar tsintsiya.

Sai zauren Malam ya fara hayaƙi.

Daga inda muke ruwanmu ba ya kaiwa. Raguna suna ta kuka suna fizgar igiya. Maza sun taru a titi da tsani a hannu, amma babu mai jingina shi, kowa na duban Malam. Na ga tsohon nan ya dubi hayaƙin, ya dubi ƙofar gidansa. Sai ya kama tsanin da hannunsa ya jingina, ya juya ya ɗaga murya yadda ake yi tun zamanin iyayenmu:

"Mata a shiga ɗaki, maza za su hau!"

Babu mace ko ɗaya a ƙasa da za ta shiga ɗaki. Inna ta leƙo ta saman katanga ta ce:

"Mun riga ku, Malam. Miƙo bokiti."

Cikin tashin hankalin nan sai da titi ya ɗauki dariya. Samari suka hau suka yaye ganyen mai ci suka watso ƙasa, mu muna zuro musu ruwa ta gefenmu. Kusurwar rumfar ta ƙone, katako ya yi baƙi, rago ɗaya ya babbake gashin baya. Iyakar asarar ke nan. Kafin la'asar wutar fadama ta cinye karanta ta kwanta, ba ta ɗauki gida ko ɗaya a layinmu ba.

Yau da safe Malam ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa. Bai yi zancen jiya ba, ni ma ban yi ba. Ya ce in rubuto maka cewa alkawarin da ka ɗauka gaban mai unguwa ya sauke maka shi. Duk wanda zai hau, ya yi sallama ya ba mata lokaci, shi ke nan. Ya ce kuma ya ji ana sa raga a bakin magudana don ganye ya daina taruwa, in ka dawo ku sa wa gidajen biyu tare, a sare reshen dogonyaron da ya hau rufi. Inna tana bayan labule tana tari irin na mai danne dariya.

Don haka ka nemi hutu ka zo. Na yi kewarka, kuma wannan karon babu mai ji sai kai. Malam ya ce shi da kansa zai riƙe maka tsani. Ka san dai hannunsa na rawa, shi ya sa na roƙi Inna ta tsaya a bayansa.

Yara na gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai jiranka,
Wasila.