Alli da Ƙwayar Safe

Litinin, 2 ga Agusta, 1976
Wata bakwai da barin aikin gyaran rubutu a maɗaba'ar Zariya. Muryoyin da nake ji sun yi shiru, ƙwayar likita ta yi aikinta. Amma hannu na rawa, harshe ya yi nauyi, miyau na zuba. A masallaci ƙafata ba ta tsayuwa a sahu. Mutanen Ƙanƙara sun ɗauka wannan ne haukan. Ainihin ciwon ba wanda ya taɓa ganinsa.

Alhamis, 12 ga Agusta
Malam Sanusi hedimasta ya ce gwamnati na buɗe firamare ko'ina, ana neman malamai. Gwajin: rubutu a allo. Na gwada da gawayi a bango. Abin kunya.

Juma'a, 13 ga Agusta
Na daina shan ƙwayar. Yaya Tani na miƙo mini kowace safiya, ina zubawa a aljihu.

Talata, 31 ga Agusta
Na ci gwajin. An tura ni Yargoje. Yaya Tani ta ce, "Barau, ka warke! Dubi hannunka."

Laraba, 22 ga Satumba
Yara arba'in da uku. Da yamma ba mai zama kusa da ni. Karatu kawai.

Litinin, 4 ga Oktoba
Muryoyin sun dawo. Ina rubutu suka ce yarinyar layin gaba, Alheri, aiko ta aka yi ta ƙirga kalmomina. Na juya na daka mata tsawa. Shekararta shida. Fitsari ya zubo mata. Sai da na ga haka na gane.

Alhamis, 7 ga Oktoba
Ba ta zo ba. Kwana uku.

Asabar, 9 ga Oktoba
Na wanke rigar nan. Ƙwayoyin da ke aljihu na juye su a gwangwani. Kada su ɓata tufa ne kawai.

Litinin, 25 ga Oktoba
Na koma shan ƙwayar, rawar hannun ta dawo. Allin ya kuɓuce mini sau biyu. Na duba littattafan yara: kowane "ba" a karkace yake, yana makyarkyata, daidai yadda na rubuta shi. Sun ɗauka haka harafin yake. Ni da ban taɓa barin waƙafi ya wuce ni ba.

Uban Alheri ya kawo ta da kansa. Ta zauna can baya. Nata "ba" ya fi na kowa karkacewa. Na ba ta maki.