Doyar da Ta Hana Ni Kwala

Lafiya, 9 ga Mayu, 2023

Zuwa ga uwargida Dijatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar taki, da fatan kumburin ya sauka? Yaya 'yarmu Francisca da yaranta, da mutanen Wusasa?

Ni ina nan, ni da jemagu. Tun da aka rufe kwalejin aka mai da ɗalibai wani gari, ni kaɗai nake kwana a harabar. Majami'ar da aka horar da limaman Angilika sama da ɗari uku, yanzu akuyoyin maƙwabta ke shan inuwa a bakinta. Ofishin Bishof sun ce kada in taho gida sai na rubuta tarihin wurin, tunda shekara talatin da takwas ina riƙe da ɗakin littattafai. Da ana rabon farar kwalar limanci ba a tuna da ni ba, sai yanzu da ake neman mai rubutu.

Na iso babin marigayi Kanon Shima, shugaba na farko, da dokarsa da kika sani: kowane ɗalibi tudu hamsin na doya, wanda gonarsa ta mutu ba za a kai sunansa a naɗa shi limami ba. Wai wanda ya kasa kiwon doya ba zai iya kiwon mutane ba. Kin ce in rubuta yadda ya zalunce ni, kowa ya karanta. Na cika shafi uku, har alƙalami na huda takarda. Amma ba na yanke wa mamaci hukunci ban ji ta bakin iyalinsa ba. Matarsa, Mama Erdoo, tana garin Obi. Zan je.

Naki,
Ya'akubu

Lafiya, 21 ga Mayu, 2023

Dijatu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na sami saƙon kuka da daddawa, Allah ya saka.

Na je Obi. Tsohuwar ba ta gani sosai, amma da na faɗi sunana sai ta fashe da dariya har da tari, ta kira jikokinta su zo su ga Bazazzagin da ya tuɓe wa doya hula. Ashe shekara arba'in ni ne tatsuniyar gidansu.

Ga abin da ya faru, tunda ban taɓa gaya miki shi daidai ba. Mutanen nan idan sun binne iri, sukan ɗora busasshiyar ciyawa a kan tudun, su danne da ƙasa, don kada rana ta dafa shi. Ni ɗan manomin dawa, na ga ciyawa a gonata na ɗauka ƙazanta ce. Na kwashe ta tas, ina ma raina gonakin 'yan ajinmu Tibi. Su goma sha ɗaya, kowannensu a gonar doya ya tashi, ban tambayi ko ɗaya ba. Ina ji da kaina, jikan mai bishara daga Wusasa. Tudu huɗu suka tsira.

Mama Erdoo ta tuna mini abin da na so in manta. Kanon bai kore ni ba. Ya kira ni ya ce in ƙara shekara ɗaya in sake shuka, ya ce Aondover, ɗan ajinmu, zai nuna mini. Ni na ƙi. Na ce ban baro Zariya don in koyi noma a hannun yaro ba. Aikin ɗakin littattafan ma, shi ya nema mini.

Har gobe ina cewa dokar ta yi tsauri, kuma haka zan rubuta. Na ga waɗanda doyarsu ta yi kyau suka watsa ikilisiya. Amma shafi ukun nan na yaga su, don ƙarya ce.

Ke ce abin da ke hana ni sukuni. Kin aure ni kina ganin an cuce ni. Kin daina gaida matar Kanon a coci saboda ni. Duk ranar naɗi kina zaune a baya, kina kallon matan abokaina a kujerar gaba, kina haɗiye hawaye, ni kuma na yi shiru na bar ki da haushin mutumin da ba shi da laifi.

Littafin zai fita a Agusta. Ban so ki fara jin wannan a bakin Francisca tana karanta miki ba. Na gama aikin jiya, kayana a ɗaure suke. Amma ba zan shiga mota ba sai kin aiko kin ce in taho.

Mijinki,
Ya'akubu