Kifin da Ba a Kamawa

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaishe ku da fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ruwa ya fara ja da baya a Yauri? Ni lafiya lau a nan ƙasar waje. An ɗan rage mana kwanakin aiki a asibiti, amma kada ku damu, hutu ne.

Ranar Asabar maƙwabcina Hafiz ya ce mu shiga jirgin ruwa, za a je wajen kifi. Ni ɗan masunta, sai na ɗauki kular zuba kifi da yaji. Baba, ashe kallo za a je! Awa huɗu muna kan teku, ba taru, ba ƙugiya, manya da furfurarsu sun ɗaga wayoyi suna jira. Can wani ƙaton kifi da suke kira whale ya fito da bayansa, ya fesa ruwa, ya nutse. Shi ke nan fa. Wata mata har da hawaye. Na tambayi mai jirgin yaushe za a jefa taru, aka kwashe da dariya. Mutanen da ba sa amsa gaisuwar maƙwabci, su ne ke tafa wa kifi.

Da za mu dawo, wasu ƙanana, wai dolfin, suka biyo mu, sun kai ashirin, ba wanda aka bari a baya. Na koma ciki na zauna kusa da kulata. Kifi ma da danginsa yake yawo, Baba.

Idan ƙanena Faruƙ zai taho nan, a ba shi busasshen kifi. A sa ni a addu'a.

Ɗanku,
Uwaisu