Na Sauya Ƙotar Bindigar Surukina

Anti Maxine, don Allah ki taimake ni, abinci ma ya daina shiga.

Ina tara gajerun bindigogin sojoji na lokacin yaƙi. Mu masu wannan larurar ba ma hutawa sai mun ga kowane ƙarfe da katako ya fito daga masana'anta ɗaya, hatimi ya dace da hatimi. Da surukina, Baba Delbert, zai koma gidan kula da tsofaffi, ni ya damƙa wa wadda ya riƙe a yaƙin Koriya. Da na kwance ta, sai na ga ƙotar ta wata masana'antar ce, ga kuma wani harafi da aka karta da wuƙa. Raina ya ƙi. Na yi musayar ƙotar a kasuwar bindigogi ta Dayton da wani mai jar hula, ko sunansa ban tambaya ba. Har ina cika baki wai na gyara ta.

Shekaranjiya matata Verna ta ce Baba yana son a kai masa bindigarsa, likita ya ce ajalinsa ya ƙarato. Ashe harafin na sunan amininsa ne da ya mutu a gefensa. Baba ya makance, da yatsa zai nema. Na iya tsufar da katako, har na ɗauko wuƙa zan karta irin harafin a sabuwar ƙotar, sai na tsaya na rubuto miki. In karta?

Mai Fargaba, Ohio

Mai Fargaba,

Ajiye wuƙar nan. Kai da kake kama jabu a hannun wasu, yau makaho za ka yi wa?

Na san ba da mugunta ka yi ba, a idon 'yan'uwanka masu tarawa gyara ne. Amma amana aka ba ka, ba kayan ado ba.

Faɗa wa Verna yau, ka haɗiye duk abin da za ta ce. Sannan ka kira masu shirya kasuwar, ka baza cigiya. Duniyarku ƙarama ce, kowa ya san kayan kowa.

Kada ka jira sai an samu. Ɗauki bindigar ka je, ka faɗa masa gaskiya kafin ta taɓa hannunsa, ka tambaye shi sunan aminin nasa. Zai iya yin fushi. Amma in yatsansa ya riga bakinka ganowa, zai ɗauka har hannunsa ma ya fara yi masa ƙarya.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa ka same shi da rai.

Anti Maxine