Auta a Kan Kwano

Kai mai leƙen wasiƙun mutane, kafin ka shiga, cinko mini wannan: taurari ne, amma da tsakar rana suke fitowa. Dare ya yi su ɓace, ruwa ya sauko su yi ta kuka. Mene ne?

*

Zuwa ga jikana kuma maigidana, Dogo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin da ya hana ka zuwa. Miji na gari ke nan, ana ruwan ƙanƙara a kan matarsa yana can yana shan fanka.

Shekaranjiya da la'asar iska ta zo da ƙanƙara kamar tifa na juye tsakuwa. Ta yaye kwano biyu daga ɗakina, silin ya sha ruwa ya rufto kan gado. Ina banɗaki a lokacin. Karon farko ke nan da ciwon ciki ya yi mini rana.

Kafinta ya mayar da kwanon, aikinsa ya yi kyau. Sai jiya aka yi yayyafi, ɗaki ya kama ɗiga ta ko'ina, na jera bokiti da robobi har da butar alwala. Ya sake hawa ya duba, ya ce hujojin ƙanana ne, tsatsa ta ɓoye su, daga sama ido ba ya kama su. Sai dai a sauya rufin duka bayan damina, ga gidaje jere suna jiransa.

Kada ka gaya wa babanka. Na rubuta maka wata tambaya ta taurari a bayan takardar nan, mu ga amfanin karatun.

Matarka ta fari,
Kaka

*

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi miki jaje. Allah ya kiyaye gaba.

Kaka, ki yi haƙuri, Baba ya riga ya ji. Ya ce tarin da kika yi bara ya ishe shi tsoro, ba za ki ƙarasa damina a ɗaki mai laima ba. Zai zo ƙarshen mako. In ya tarar ɗakin na ɗiga, da ke zai dawo. An ma share miki ɗaki a bene.

Ni ma ina ganin shi ne daidai. Amsar tambayarki kuwa, ko ido ne?

Jikanki mai biyayya,
Dogo

*

Dogo,

Ina gaishe ka, amma kaɗan. Ido! Idonka da dare yake ɓacewa?

Bene kuma? Ni da gwiwar nan? A ɗakin nan kakanku ya cika, a ƙofarsa maƙwabta ke tarar da ni kowace safiya. In an kai ni sama, da wa zan yi gulma, da tattabaru?

Ƙanwarka Auta ta karanta wasiƙarka, ta rufe shagon ɗinkinta, ta zo da ledar ƙyallaye, da gwangwanin kwalta, da wandonka na ƙwallo. Na ce, “Ke kuma ina za ki da wandon mijina?” Ta ce, “Sama, Kaka. Ke kuma ciki.”

Ka ji dabarar. Ta jira rana ta take, ta toshe taga da bargo, ta rufe ni a ɗaki, ta ba ni doguwar gora da ta ɗaure wa tsinken tsintsiya a kai. Ta ce, “Duk inda kika ga haske ya leƙo, ki zura tsinken.” Na ɗaga kai cikin duhun nan, sai na ga abin da kafinta bai gani ba, tas, har da waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba. In zura tsinke, ita ta hango shi ya ɓullo a sama, ta goge tsatsar, ta shafa kwalta, ta manna ƙyalle, ta sake shafawa. Sai in ga hasken ya mutu.

Yarinyar nan kan layin ƙusa kawai take takawa, inda katako yake a ƙasa, a tsugune, ba gaggawa. Kwano ya yi zafi har tafin hannunta ya tashi, amma ta ci gaba da aiki. Ƙusoshin da iska ta sassauta kuwa, silifas ɗina ta yanka ƙanana ta sa musu a wuya ta buga. Sabon, Dogo, ba tsohon ba.

Na yi ta zura tsinke a wuri ɗaya don tsokana. Ta ƙwanƙwasa kwano ta ce, “Tsohuwa, na gama da wannan tun ɗazu. Ki yi aiki ko in bar ki da bokiti!”

Mai shagon kusa ya tsaya a titi yana cewa, “A sauko da ita mana!” Na ce masa ta ƙofa, “Ga tsani nan, hau ka sauko da ita.” Sai ya tuna yana da ciniki.

Kafinta ya biyo da yamma, ya hau ya duba facin, ya sauko yana dariya. Ya ce gobe zai rufe matarsa a ɗaki da gora.

Yanzu hadari muke jira, da babanka. Ban san wanda zai riga ba.

Wadda ke shirin sake miji,
Kaka

*

Zuwa ga Kaka,

Ina gaisuwa. Na karanta wa abokan aikina wasiƙarki, yanzu kowa tambayar Auta yake. Ki ce mata ta sa magani a hannun, wandon kuma na bar mata. Kin san ni da tsani: ko kujera na hau jiri nake ji.

Baba ya taso da safen nan. Ya sa a cire kaya daga bayan mota don akwatunanki. Na gaya masa aikin Auta, ya ce ƙyalle ba ya tare ruwa.

Amsar ta gagare ni. Ki taimaka.

Jikanki,
Dogo

*

Maigidana,

Gaisuwa cikakkiya yau. Babanka ya iso, hadari na bin bayansa. Aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ya shiga ɗakin ya buɗe tafin hannu, ya bi kusurwa-kusurwa, har kan kabad ya shafa. Auta na bakin ƙofa ta ɓoye hannuwanta a mayafi. Da ruwa ya tsagaita ya ce mata, “Ke, mu ga hannun.” Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce mini, “Inna, silin fa? Wane launi kike so?”

Motarsa ta koma wayam yadda ta zo.

Amsar na cikin wasiƙata ta baya, da ido ɗaya ka karanta. Hujojin da ƙanƙara ta yi wa kwano ne: rana ta bi ta cikinsu su haska, ruwa ya bi ta cikinsu su ɗiga. Auta ta kashe su duka.

Taka har kullum,
Kaka